Makomar Gine-ginen Coci a Turai: Abin da Yake Gaskiya da Wanda Ba Shi Ba

A ƙasashen yammacin Turai ana rufe coci-coci saboda ƙarancin masu ibada, ana mayar da gine-ginen wuraren wasu ayyuka. Labarin kan yaɗu a kafafen sada zumunta da ƙarin gishiri, shi ya sa ya dace a bambance aya da tsakuwa.

Masu ibada sun ragu. Wannan gaskiya ne. Ƙidayar jama'a ta Ingila da Wales a 2021 ta nuna Kiristoci kashi 46.2 cikin ɗari, alhali a 2011 kashi 59.3 ne. A Jamus, sama da mutum 520,000 suka fice daga cocin Katolika a 2022 kaɗai. Da yake mabiya a can suna biyan harajin coci, ficewarsu na rage kuɗin shiga, ga shi gyaran rufi da dumama tsohon ginin dutse lokacin hunturu na cin kuɗi masu yawa.

Musulmi ne suka kori Kiristoci. Wannan ƙarya ce. A tsakanin ƙidayar 2011 da ta 2021 a Ingila da Wales, Musulmi sun tashi daga kashi 4.9 zuwa 6.5, amma waɗanda suka ce ba su da addini sun tashi daga 25.2 zuwa 37.2. Yawancin gurbin da aka bari marasa addini ne suka cike shi.

Duk cocin da aka rufe masallaci yake komawa. An zuzuta maganar. Hakan na faruwa, amma jefi-jefi. A Hamburg, cibiyar Musulunci ta Al-Nour ta sayi tsohon cocin Kapernaum a 2012, bayan ya yi shekaru a rufe, ta buɗe shi masallaci a 2018. Masallacin Brick Lane na Landan kuwa an gina shi a matsayin coci a 1743 don Furotestan 'yan gudun hijira daga Faransa, ya zama majami'ar Yahudawa, sannan masallaci a 1976. Mafi yawan gine-ginen gidajen kwana suke komawa, ko ɗakunan karatu, ofisoshi, wuraren taro da na motsa jiki.

Duk mai kuɗi na iya saye ya yi abin da ya ga dama. Ba haka ba ne. A dokar cocin Katolika, bishop ne ke janye gini daga ibada, bisa sharaɗin ba za a yi aikin ashsha a cikinsa ba, kuma a 2018 Fadar Vatican ta fitar da jagora da ke fifita ayyukan al'adu da taimakon mabuƙata. A Faransa, dokar 1905 ta sa yawancin tsofaffin coci-coci mallakar ƙananan hukumomi ne. A Ingila, hukumar Churches Conservation Trust, wadda aka kafa a 1969, na kula da tsofaffin coci sama da 350 don darajarsu ta tarihi.

Kowane sauyi sabon abu ne. A'a. Hoton da ake yawan yaɗawa na kantin littattafai cikin cocin Dominikan a Maastricht ta ƙasar Holan na gaskiya ne, sai dai ginin ya daina zama wurin ibada tun ƙarshen ƙarni na 18, lokacin mamayar Faransawa. Kantin ya shiga ne a 2006.

Addinin Kirista ya ƙare a Turai. Wannan ma kuskure ne. Yayin da wasu tsofaffin ɗarikoki ke rufe ƙofofi, coci-cocin baƙi daga Afirka na ƙaruwa. Cocin Redeemed, wanda asalinsa Najeriya ne, yana da ɗaruruwan rassa a Birtaniya, kuma wasu gine-ginen da aka sayar sun koma hannun irin waɗannan ikilisiyoyi, ana ci gaba da ibadar Kirista a cikinsu.