Kwangila ta ƙare, wa ya koyi aikin?

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye a 1992, ayyukan gwamnati ba su daina zuwa yankin Karaye da Rogo ba. An yi shirin titin kilomita 5 da gwamnatin Kwankwaso ta ware wa kowace ƙaramar hukuma cikin 44, ga azuzuwan firamare, ga ɗakunan shan magani da kwalbatoci. Amma ka tsaya a bakin irin wannan aiki ka duba abin da ke hannun kowa. Mai tuƙa greda da mai awo da mai ɗaurin rodi, galibi da su kamfani ya zo. Ɗan gari kuwa shebur ne rabonsa, da ɗaukar kankare a ka, a sallame shi da yamma. Ranar da kamfani ya kwashe komatsansa, yaron yana nan yadda aka same shi, sai ya shirya tafiya ci-rani.

Doka ta taɓa zancen, ko da yake daga nesa. Tun 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikata na ITF, kuma gyaran 2011 ya ce kamfani mai ma'aikata 5 ko fiye ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a shekara. Gyaran 2023 ya ɗaga adadin zuwa ma'aikata 25. Mai neman kwangilar gwamnatin tarayya da dokar ta hau kansa sai ya haɗa da takardar shaidar cewa ya biya, kuma wanda ya horar da mutanensa yana iya karɓo har rabin abin da ya zuba. To amma takarda ce. Ana biya a ofis, a buga hatimi, a cusa cikin fayil kusa da ta haraji, ba tare da wani yaro a Zarewa ko Yammedi ya koyi ɗaura katakon zubi ba.

A Ingila sun bi ta wata hanya. A 2015 aka umarci ma'aikatun gwamnatin tsakiya su tambayi mai neman aikin fam miliyan 10 ko fiye, wanda zai ɗauki shekara guda ko sama, yawan masu koyon sana'ar da zai ɗauka, a kuma rubuta alkawarinsa cikin yarjejeniya. Daga 2021 sai aka ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na makin tantancewa ga amfanin da jama'a za su samu bayan shi kansa aikin, har da horar da matasa. Idan farashin kamfanoni biyu ya zo kusa da juna, a nan ake raba gardama.

Namu tsarin ba haka yake ba. Dokar tarayya ta sayen kaya da bayar da kwangila ta 2007 ta fi karkata ga wanda ya cika sharuɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi. Duk da haka ɗan kwangilar da ke yaye yara yana da abin nunawa, domin kafin a duba farashi sai an duba ko zai iya aikin: kayan aikinsa, ƙwararrunsa, da ayyukan da ya yi a baya. Wanda ya jera sunayen birkiloli da kafintoci da masu walda da suka tashi a hannunsa, kowa da takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, ya fi wanda ya aro takardun injiniya don ranar tantancewa kawai, abin da duk wanda ya san harkar ya san ana yi. Ga kuma sauƙin kuɗi: wanda gidansu ke Rogo ba a kama masa masauki, kuma idan rufi ya fara yoyo bayan damina, mai gyara yana nan cikin gari.

Ni dai a ganina gyaran yana hannun mai bayar da aikin. Jihar Kano tana da tata dokar kwangila tun 2021, kuma ba wani abu mai wuya ba ne a rubuta cikin sanarwar aiki cewa kwangila mai girma kaza sai da masu koyo kaza daga ƙaramar hukumar da aikin yake. Za a ce ai sunayen bogi za a kawo. Za a gwada kuwa. Amma masarautar Karaye, wadda dokar masarautu ta 2024 ta bar mata Karaye da Rogo, tana da dagatai da masu unguwanni da suka san ɗan wane da jikan wane. Sannan akwai kason kuɗin da aka saba riƙewa har sai an ga aiki bai nuna aibu ba. A ɗaure wani ɓangarensa da sharaɗin cewa ba za a saki ba sai yaran sun zauna gwajin sana'a an ga sakamakonsu.