Ko ka san abin da kake saya idan ka sayi jif mai lantarki?

Ko ka san cewa motar da aka fi saya a duk duniya a shekarar 2023 ba ta shan fetur ko ɗigo? Tesla Model Y ce, jif ta iyali mai aiki da batir, wadda aka sayar da fiye da miliyan ɗaya a shekarar. Mu ma nan abin ya soma taɓa mu, musamman tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023. Kafin nan ma an riga an fara haɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas, an kuma buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato a 2021.

Magidancin da zai sayi irin wannan mota, batir yake saya. Shi ne abu mafi tsada a jikinta, kuma kusan duk wani daɗi ko takaici da za a ji a cikinta daga gare shi yake fitowa. A 2010 ana biyan sama da dala 1,000 kan kowane ma'auni guda na batir, wato kilowat-awa, wanda daidai yake da yunit ɗin da mitar gida ke ƙirgawa. Zuwa 2024 farashin ya sauko zuwa kusan dala 115. Batirin BYD Atto 3 ta ƙasar Sin yana ɗaukar kusan yunit 60, na babbar Kia EV9 mai kujeru bakwai kuwa kusan 100. Tazarar kuɗin da ke tsakaninsu daga nan ta faro.

Batiran ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ake kira LFP, irin na BYD, mai sauƙin kuɗi, mai jure zafi, wanda ba ya damuwa ko kullum a cika shi taf. Akwai kuma mai sinadaran nikel da kobalt, wanda ya fi kai mutum nesa amma ya fi tsada. Ga mai kai yara makaranta, ya leƙa kasuwa, ya koma gida, ni dai na farkon nake gani ya fi masa.

Kada a ruɗu da nisan da aka rubuta a takarda. An ce Atto 3 tana cin kilomita 420 da caji ɗaya, amma a gwaji aka auna wannan. A loda iyali da kaya, a kunna na'urar sanyaya mota, a taka totur a babbar hanya, sai lissafin ya ragu sosai. Daga Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400, don haka dole a nemi wurin caji a hanya. Abin mamaki shi ne a cikin gari ta fi tsimi, saɓanin mai fetur, domin duk lokacin da direba ya ɗaga ƙafa ko ya taka birki, injin yakan mayar da wani ɓangare na ƙarfin gudun cikin batir. Shi ya sa birkinta ke daɗewa. Ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba salansa. Sai dai nauyi: EV9 ta kai tan biyu da rabi, tayoyi kan ci wuya, da yawa daga cikin motocin nan kuma ba sa zuwa da safaya.

Batun jin daɗi kuwa, a kujerar baya ake gane shi. Da yake batirin a shimfiɗe yake ƙarƙashin mota kamar katifa, daɓen ciki ba shi da tudun nan na tsakiya, wanda ya zauna a tsaka zai samu wurin ajiye ƙafa. A Hyundai Ioniq 5, tsakanin tayar gaba da ta baya mita uku ne cif. Amma kaurin batirin yakan ɗaga daɓen, sai ka ga babban mutum ya zauna gwiwoyinsa sun yi sama. Wanda zai riƙa ɗaukar mahaifiyarsa ya kamata ya zaunar da ita can baya kafin ya biya. Yara ma wasunsu kan ji tashin zuciya, saboda motar na zabura nan take ba tare da ƙarar da ke gargaɗin jiki ba. Rufin gilashi yana da kyau a ido, amma a tuna da ranar watan Afrilu a Maiduguri.

Faffaɗan allon taɓawa shi dillali zai fara nuna maka, kuma shi ya fi komai rashin amfani gare ka. Abin da ya cancanci ƙarin kuɗi shi ne tsarin sanyaya batir da ruwa, da kuma soket ɗin da ke ba da wuta daga mota. Na Ioniq 5 yana ba da kilowat 3.6, wanda zai riƙe firij da fanka da fitilu idan an ɗauke wuta.

Sai a tambayi garanti. Yawancin kamfanoni kan ba da shekara takwas ko kilomita 160,000 a kan batir, amma motar da aka shigo da ita ta hannu sau da yawa ba ta da wannan kariya a nan. A buɗe murfin caji a duba bakin da kyau, domin na motocin da aka ƙera don kasuwar Sin daban yake da na Turai, kuma ba kowace tasha ke karɓar duka biyun ba. A gida, caja ta bango mai kilowat 7 kan cika batir mai yunit 60 cikin awa tara ko goma, dare guda ke nan idan wuta ta tsaya. Da soket na ɗaki kuwa sai an haura kwana ɗaya cur.