Idan Iska Ta Yaye Rufin Aji a Onklou, Ƙofar Wa Za a Buga?

Mutane sun saba idan damina ta yi ɓarna a makaranta sai su nufi gidan shugaban gunduma da ƙorafi. A Onklou, ɗaya daga cikin gundumomi 12 na kwamin ɗin Djougou, wannan ƙofa babu kuɗi a bayanta, domin dokar Benin ba ta ba gunduma asusun kanta ba. Tun bayan zaɓen Disambar 2002, kwamin 77 na ƙasar ne aka ɗora wa gina azuzuwan firamare da gyara su, haka ma ɗakunan shan magani, kasuwanni da hanyoyin karkara. Albashin malamai kuwa na gwamnatin tsakiya ne.

An sauko da nauyin, amma kuɗin bai biyo shi yadda ya kamata ba. Abin da kwamin ke tarawa da kansa ya haɗa da tikitin kasuwa, kuɗin tasha, da harajin da ake karɓa kan buhun kaju ko lodin doya. Parakou, mai matsayi na musamman da babbar kasuwar Arzeke, tana da inda za ta tatsa. Ƙauyukan Djougou kuwa sai abin da gona ta bayar. Domin cike giɓin ne gwamnati ta kafa asusun FADeC a 2008, sai dai wani kasonsa a ɗaure yake zuwa: kuɗin da aka rubuta wa asibiti ba ya komawa kan kwano da ƙusa. Idan aljihun gwamnati ya matse, kason ya yi jinkiri, ɗan kwangila ya tattara kayan aikinsa, ginin ya tsaya a linta.

Za a ce ai wasu magadan gari sun yi facaka, shi ya sa dokar Disambar 2021 ta miƙa kashe kuɗin kwamin ga sakataren zartarwa, wanda ake fitarwa ta ƙuri'a daga jerin ƙwararru. Akwai gaskiya a ciki. Amma tsare lalita ba ya cika ta, kuma yanzu wanda talaka ya zaɓa ba shi ke sa hannu ba. Saboda haka kwamitin iyayen yara ya kai buƙatar rufin a rubuce ga kansilolinsu kafin a tsara kasafin baɗi, ya kuma riƙe kwafi. Abin da bai shiga kasafin da prefe, wakilin gwamnatin tsakiya, ya amince da shi ba, karo-karon iyaye ne zai biya shi.