Tsayayye da Mai Jujjuyawa a Bakin Bature

Akawun da aka ce ya rubuta shaidar halin wani da Turanci, ko malamin makarantar da zai cika rahoton yaro a ƙarshen shekara, lalle ya san cewa abincin wani na bakin alƙalaminsa. Kalma guda takan sa a ɗauki mutum aiki, 'yar uwarta kuwa ta sa a ture takardarsa gefe. Saboda haka muka ga ya kamata mu ɗan duba kalmomin da Turawan Ingila ke faɗin tsayuwa a kan abu guda da su, da kuma na sake-sake.

Mu fara da constant. Asalinta Latin ne, ma'anarta tsayawa daram, kuma saiwarsu ɗaya da stable. Steady da steadfast kuwa 'yan gida ne, sun fito daga tsohuwar kalmar Ingilishi mai nufin wuri, watau wanda ya riƙe wurinsa bai gusa ba. In an ce mutum constant friend ne, to, an yabe shi, aboki ne na rana da inuwa. Amma fa a lura, kalmar nan ba kullum take yabo ba. Idan ta zo gaban abin ƙi, kamar constant complaints, nufi shi ne ƙorafin da ba ya yankewa. Haka consistent take, ba ta ce kyau ba, ba ta ce muni ba, iyakarta ta ce yau kamar jiya. Wanda ke makara kowace safiya ma consistent ne a makararsa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen yabo da zargi. Bature yana da kalma biyu ga hali guda, ya zaɓi wadda ya so gwargwadon yadda yake kallon mai halin. Wanda ya ƙi sake magana, in ana sonsa sai a ce firm, in ba a sonsa a ce stubborn ko obstinate. Mu ma haka muke yi, mukan ce wane kaifi ɗaya ne, gobe in ya saɓa mana mu ce taurin kai gare shi. Ta ɗaya ɓangaren, mai saurin bin zamani ana yabonsa da flexible ko adaptable, ana kushe shi da fickle. Wannan ta ƙarshe tana da dafi, gama a tsohon Ingilishi ma'anarta mayaudari, kuma har yanzu warin bai bar ta ba. A ganinmu bai kamata a sa ta a rahoton yaro ba ko kaɗan. In aikinsa ne ke hawa yana sauka, variable ko uneven ta wadatar, don aikin take nufi, ba ta taɓa mutuncinsa.

Changeable kuwa an fi jin ta a zancen yanayi, ba mamaki ga mutanen da rana da ruwan sama kan yi musu karɓa-karɓa a wuni guda.

Abin dariya shi ne kalmomin tsayuwar nan su kansu ba su tsaya ba. Dubi fast. Ma'anarta ta farko ƙam, abin da ba ya motsi, shi ya sa har yau rinin da ba ya zuba sai a ce fast colour, mai barci mai nauyi a ce fast asleep. Ga shi kuwa yanzu an fi saninta da nufin sauri. Dr Samuel Johnson, da ya shirya rubuta ƙamus ɗinsa a 1747, ya sa rai zai ɗaure harshen a turke guda. Da littafin ya fito a 1755, sai ya yarda a gabatarwa cewa ba mai iya hana harshe sakewa.

Sauran biyu da kowane ma'aikaci ya sani tun zamanin En'e, permanent da temporary. Ta farkon daga Latin take, watau zama har ƙarshe, ta biyun kuwa daga kalmar lokaci. Duk wanda aka miƙa wa takardar ɗaukar aiki, ya nemi wadda aka rubuta a cikin biyun nan kafin ya sa hannu, ya kuma duba ko an haɗa ta farkon da pensionable, domin a nan zancen fansho yake.