Lissafi ba a koyonsa da kallo

A jami'o'i da kwalejojinmu da yawa, darasin lissafi haka yake tafiya: malami ya ba ɗalibai baya, ya cika allo, su kuma su yi ta kwafa. In ya ce "Kun gane?", a amsa masa baki ɗaya. Sai ranar jarrabawa asiri ya tonu.

A shekarun 1970, Uri Treisman na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya bi diddigin abin da ke kayar da ɗalibai baƙaƙen fata masu hazaƙa a kwas ɗin lissafi na kalkulas, alhali takwarorinsu 'yan asalin Sin suna ci. Ya tarar na farkon kowa shi kaɗai yake karatu, su kuwa 'yan Sin haɗuwa suke yi, su duba aikin juna, su yi gardama. Da ya shirya wa baƙaƙen fatar zaman rukuni kan tambayoyi masu wuya, sakamakonsu ya gyaru. A 2014 kuma, Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara bincike 225 kan azuzuwan kimiyya, injiniyanci da lissafi: inda lacca ce zalla, kusan kashi 34 cikin 100 suka faɗi, inda ake sa ɗalibai aiki a cikin aji kuwa, kusan kashi 22.

Abin ba ya buƙatar na'ura, kuma yana yiwuwa ko a ajin mutum ɗari uku. Hanyar da Eric Mazur na Harvard ya yaɗa ta isa misali. Malami ya dakata da bayani, ya rubuta: shin √(x²) kullum x ne? Kowa ya yi tunani na minti ɗaya, a ɗaga hannu. Idan kan aji ya rabu, sai a ce kowa ya shawo kan na kusa da shi. Nan za ka ji wata ta ce wa ƙawarta, "Sa −3 ki gani mana." Ta sa, 3 ya fito, ta gane kuskurenta da hannunta. Wannan ganewar ba ta gogewa da wuri.

Malamai kan ce lokaci ba zai isa a gama manhaja ba. Ƙorafin yana da tushe, amma gama manhajar da rabin aji bai fahimta ba, wa ya amfana? Ɗalibai ma za su yi guna-guni da farko. Wani bincike a Harvard a 2019 ya nuna waɗanda aka sa aiki sun ɗauka ba su koyi da yawa ba, alhali sun fi 'yan lacca maki. Don haka tun makon farko malami ya gaya musu dalilin wahalar da zai ba su, ya kuma hana a yi wa wanda ya kuskure dariya.