Gundura da Sagewar Himma ga Sabon Mai Gudun Motsa Jiki: Misali daga Ƙasar Bafarawa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba dalilin da ya sa mutumin da ya ɗaura niyyar gudun motsa jiki yakan watsar da shi kafin wata ya ƙare, da kuma abin da zai taimake shi ya ɗore. An ɗauki misali daga Bafarawa da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita a ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni, domin a irin wannan wuri ne shawarwarin da aka saba karantawa a littattafan Turai suke cin karo da zafin rana, da yashi, da idon jama'a, da kuma matsalar tsaro.

Da farko ya kamata a san wanda maganar ta shafa. Manomin da ya wuni yana huɗa a fadamar gulbin Rima, da matar da ta sussuke damin gero ta daka shi, ba su da buƙatar a yi musu huɗubar motsa jiki. Maganar ta malamin makaranta ce, da akawun sakatariya, da ɗalibin da ya saba hawa babur ko da tafiyar ba ta wuce bakin kasuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowane baligi ya sami aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi irin gudu, ta kuma ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan duniya ba sa cika wannan ƙa'ida. Ma'aikaci da yawa ba ya tuna wannan sai ranar da likita ya ɗaura masa abin awo a damtse, ya ce jininsa ya hau, ko sukari ya yi yawa. Washegari sai ya fita da himma kamar zai ci babu. Bayan kwana 10 takalmin ya koma ƙarƙashin gado.

Irin wannan mutum yakan ce gudun ne ya gundure shi, mutane kuma su ce rago ne. Duk bayanin biyu bai kai ga tushen al'amarin ba. Mafi yawan abin da sabon shiga ke kira gundura wahala ce wadda ya jawo wa kansa da yawan sauri. Abin da ya sani game da gudu shi ne tseren makarantar firamare, inda ake sheƙawa har ƙarfi ya ƙare, saboda haka da ya fita sai ya sheƙa. Kafin minti 3 haki ya kama shi, ƙirjinsa na zafi, hankalinsa ba ya kan komai sai lissafin yaushe zai tsaya. Lokaci kuwa ba ya tafiya ga mai jiran ƙarshen wahala. Washegari cinyoyinsa sun yi tsami, ko ruku'u da ƙyar yake yi. Zuciya tana riƙe irin wannan, duk ranar da aka sake tayar da maganar fita sai ta kawo uzuri.

Maganin abin yana cikin harshen Hausa tun tuni, watau sassarfa, wadda ta fi tafiya sauri amma ba ta kai tsere ba. Ma'auninta mai sauƙi ne: idan mutum zai iya yi wa na kusa da shi magana jimla guda ba tare da numfashi ya yanke masa ba, to yana kan daidai, idan ba zai iya ba, ya rage. Tarihin gudun motsa jiki na zamani ma daga nan ya faro. A farkon shekarun 1960 wani mai horar da 'yan tsere a ƙasar Niyu Zilan, Arthur Lydiard, ya tara magidanta a birnin Auckland suna sassarfa a hankali, cikinsu har da waɗanda suka taɓa yin ciwon zuciya. A 1962 takwaransa na Amurka, Bill Bowerman, ya ziyarce su ya bi su fita, ya kasa riƙe tafiyar, har wani dattijo daga cikinsu ya rage sauri don kada a bar baƙo a baya. Abin ya tsaya masa a rai, ya koma gida ya yaɗa al'adar, littafin da suka wallafa shi da wani likita a 1967 ya sayu fiye da kwafi miliyan 1.

Har ila yau babu laifi a gauraya sassarfa da tafiya. Akwai wani tsari na mako 9 da wani Ba'amurke, Josh Clark, ya fitar a 1996, wanda daga baya hukumar lafiya ta Ingila ta runguma. A makon farko mutum zai yi tafiyar minti 5 don jiki ya ɗumama, sannan sassarfar daƙiƙa 60 da tafiyar daƙiƙa 90, yana maimaitawa har minti 20, sau 3 a mako, da hutun kwana guda a tsakani. A mako na 9 ne ake sa ran zai yi minti 30 ba tsayawa. Hikimar hutun ita ce zuciya da huhu sun fi jijiyoyi da ƙashi saurin sabawa. Mutum zai ji numfashinsa ya gyaru ya ɗauka ya ƙware, alhali ƙwauri da agara ba su shirya ba. A nan ne yawancin raunin sabon shiga yake faruwa. Yashin wannan yanki kuma yana ƙara wa sha-raɓa da agara aiki fiye da ƙasa mai tauri, don haka tsallake matakai a nan ya fi haɗari. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini ko ciwon sukari, ya fara zuwa asibiti a auna shi. Wanda kuma ya ji ciwon ƙirji ko jiri yana cikin gudu ya tsaya nan take.

Abu na biyu shi ne idon jama'a, wanda littattafan waje ba su san da shi ba. A ƙasar Hausa babba ba ya gudu sai da dalili, har ana cewa in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Magidanci mai iyali, wanda ake durƙusa wa a gaishe shi, idan aka gan shi da gajeren wando yana haki a bakin hanya, yara za su bi shi, tsara kuma su tambaye shi ko lafiya. Mutane da yawa wannan ne ya mayar da su gida, sai suka laƙaba wa gundura laifin. Amma kunyar ba ta da tushe mai ƙarfi. Dattijon da ya sauke farali ya yi sassarfa tsakanin Safa da Marwa a gaban dubban mutane, girmansa bai ragu ba, kuma ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha. Dogon wando mai sauƙi da riga mai hannu sun isa su kawar da rabin maganar. Sauran rabin kuwa sabo ne ke kawar da shi, gama mutanen gari ba su da haƙurin yin mamakin abu guda har mako 3. Ga mata lamarin ya fi tsanani, kuma a gaskiya hanyar da ta fi buɗe musu ita ce tsakar gida mai faɗi, ko filin makarantar 'yan mata, cikin ƙungiya.

Sai batun hanya. Shawarar da aka fi ba wanda gudu ya gundura ita ce ya riƙa sauya hanya, yau gabas gobe yamma, ya shiga daji ya sha iska. A Bafarawa da Isa da Sabon Birni wannan shawara tana iya halaka mutum. Daga 2019 dubban mutanen wannan yanki da na Zamfara da Katsina suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi saboda hare-haren 'yan bindiga, a watan Mayu na 2020 kuma aka kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni cikin rana guda. Kalmar gudu kanta ta ɗauki wata ma'ana mai nauyi a nan. Mutumin da aka hango ya nufo gari a guje da duku-duku yana iya tayar da unguwa guda, ko ya gamu da 'yan sintiri waɗanda ba su san shi ba. Saboda haka wajibi ne mai gudu ya tsaya cikin gari, ya jira gari ya waye sosai, mai unguwa da masu sintiri su san shi su san lokacinsa, kada kuma ya toshe kunnuwansa da waƙar waya.

Abin da ya rage masa ke nan filin ƙwallon makaranta da 'yan layukan cikin gari. Cikakken filin ƙwallo kewayensa kusan mita 350 ne, watau kewaye 3 ya ɗan haura kilomita 1, kilomita 5 kuwa sai an kewaya wajen sau 15. Babu mai musun cewa wannan yana da gundura in an yi shi da sauri iri ɗaya kullum. To, tun da wurin ba zai sauya ba, sai a sauya abin da ake yi a cikinsa. A shekarun 1930 wani mai horarwa a ƙasar Suwidin, Gösta Holmér, ya tsara abin da suke kira fartlek a harshensu, ma'ana wasa da sauri. Babu agogo a ciki, babu awo. Mai gudu zai zaɓi wata alama a gabansa, kamar itacen dogon-yaro ko turken raga, ya ƙara sauri har ya kai ta, sannan ya sassauta har numfashi ya dawo, ya sake zaɓar wata. Amfaninsa ga sabon shiga shi ne yana yanka minti 20 zuwa ƙananan buƙatu waɗanda kowace ke biya cikin ɗan lokaci, hankali ya sami abin yi. Sai dai kada a fara shi kafin an yi mako 5 ko 6 ana sassarfa, kuma sau 1 a mako ya isa. Sauran ranaku ana iya juya kewayen, yau ta dama gobe ta hagu, wanda hakan ma yana raba wa ƙafafu nauyi.

Amma duk dabarun nan ba su kai abokin tafiya ba. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa aikin da ke gundurar mutum guda yakan zama wasa ga mutum 20, shi ya sa ya ƙirƙiro gayya, ya kuma kawo gangar noma bakin gona. Ɗan kokawar Gobir ba ya shiga fage sai makaɗi ya zuga shi. 'Yan bautar ƙasa a sansaninsu, da sojoji a bariki, da waƙa suke fita gudun safe, domin amshi yana daidaita taku yana ɗauke hankali daga gajiya. Ko Eliud Kipchoge na Kenya, da ya yi gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42 cikin ƙasa da awa 2 a birnin Biyana a 2019, ayarin 'yan tsere ne suka riƙa karɓa-karɓa suna raka shi. Aboki yana da wani amfani kuma wanda ya fi zuga: mutum yana iya saɓa alkawarin da ya yi wa kansa ba wanda ya sani, amma da wuya ya bar abokin aikinsa tsaye a ƙofar gida yana sallama. Kunyar nan da ta hana shi fita ita ce za ta koma ta fitar da shi. Sharaɗi ɗaya ne, a daidaita tafiya da mafi rauni a cikin ayarin. Ƙungiyar da ta koma gasa tsakanin samari takan kori magidantan da aka kafa ta dominsu.

Himma kuwa ba abin dogaro ba ce, yau tana nan gobe babu. Abin da ke ɗorewa shi ne al'ada. A wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a wata jami'ar Landan, aka buga a 2010, an ga cewa sabon aiki yakan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu kwana 18, wasu har 254. An kuma ga cewa tsallake rana guda ba ya rushe abin da aka gina. Masu binciken sun sa kowa ya ɗaura sabon aikinsa a kan wani abu da yake yi kullum. Mutumin Bafarawa yana da irin wannan turke a shirye, watau sallar Asuba: ya riga ya tashi, ya riga ya fita, iska ba ta yi zafi ba, abin da ya rage shi ne ya jira haske ya sauya tufa. Yana da kyau kuma ya ajiye ɗan littafi yana rubuta kwanan wata da yawan kewaye da yadda ya ji. Ci gaban gudu a hankali yake zuwa, mai shi ba ya ganinsa. Sai ya buɗe shafin watan jiya ya tarar kewaye 4 ne suka taɓa gagarar sa.

Shekara ma ba iri ɗaya ba ce. A watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40, jiki kuma yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi, don haka a bazara a rage sauri da tsawo, a sha ruwa kafin fita da bayan dawowa. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri, mai asma ko tari ya zauna gida. Bayan damina ƙarangiya da tsidau sukan cika gefen fili. Labarin Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci tseren Olimfik na birnin Rum a 1960 ba takalmi, kada ya ruɗi kowa, kambas mai arha ya wadatar. A watan azumi wasu sukan koma tafiya kawai gab da buɗa baki, wasu su ajiye gudun gaba ɗaya. Wanda ya ajiye, idan ya dawo bayan Sallah, kada ya ɗora daga inda ya tsaya. Ya koma baya da mako 2 ko 3 a cikin tsarinsa, ya sake hawowa daga can.