Cinikin Amfilifaya Da Lasifika A Ƙasar Yauri: Awo Kafin Biya

 

Idan albasa ta yi kyau a ƙasar Yauri, ko kuwa bandar kifi ta sami kasuwa, akwai wani kaya da ya kan biyo fatake gida daga Kano, ko Sakkwato, ko Ikko, watau akwatin ƙara murya da lasifikokinsa, wanda samari su ke kira hom tiyata. Wani ya kan saya domin a ji tafsiri a zaurensa da azumi, wani domin labarun duniya, wani domin iyali su yi kallo a cikin gida, malamin makarantar allo kuwa domin almajirai su ji ƙira'ar gwanaye su gyara harshe. Niyya duk mai kyau ce. Amma sau da yawa kafin wata kakar ta zagayo kayan sun koma rumfar mai gyaran rediyo, ribar shekara ta tafi, ba kuwa don kuɗin sun yi kaɗan ba, sai don an biya kafin a auna.

Tsofaffi sun ga zamanin da akwatin rediyo guda ya kan tara unguwa, tun daga 1957 da BBC ta fara magana da Hausa, da 1962 da aka buɗe gidan rediyon Kaduna. A lokacin ba wuyar zaɓi, akwati ɗaya ne da batirinsa. Sa'an nan aka soma ginin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, aka kafa injuna 8 masu ba da megawat 760. Ruwa ya taho har Yelwa, ya ci gungu da gonaki, aka tashi mutum fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Duk da wannan maƙwabtaka, wuta a Yelwa da Wara da Shanga tana zuwa tana ɗaukewa, wani sa'i da rauni, wani sa'i da ƙarfin da ya wuce kima, ƙauyukan bakin tafki da dama kuwa da janareta da sola su ke dogara. Saboda haka mai saye a nan yana da lissafin da mai saye a Ingila ba shi da shi.

Da fari a san kayan. Abu biyu ne. Na ɗaya akwatin da ya ke karɓar murya daga rediyo, ko talabijin, ko wayar hannu, ya ƙara mata ƙarfi, shi ne amfilifaya. Idan an haɗa masa rediyo da kafofin shigar da hoto a ciki, Turawa su kan kira shi risiba, kada kuwa a rikita shi da risibar tauraron ɗan adam, wannan daban ce. Na biyu lasifika, wadda ta ke mayar da ƙarfin lantarki ya zama motsin iska har ya kai kunne. A cikinta akwai maganaɗisu, da siririyar waya a naɗe, da faifan takarda mai rawa, tsarin da wasu injiniyoyi biyu na Amurka, Rice da Kellogg, suka bayyana a 1925, har yau kuwa a kansa a ke. Idan aka ga an rubuta 5.1 a kwali, ma'ana lasifika 5 ne, biyu a gaba, ɗaya a tsakiya, biyu a baya, da babba guda mai fitar da rugugi, wadda a ke kira wufa.

To, mai ƙaramin ƙarfi ya fara tambayar kansa abin da zai riƙa ji. Idan karatu ne da tafsiri da labarai, murya ce ta mutum ɗaya, ba ta bukatar wufa, ba ta bukatar lasifikan baya, gama waɗannan an yi su ne domin tsawa da harbe-harben majigi. Kuɗin da za a raba wa lasifika 6 marasa kirki, in an tara shi a kan 2 nagari, sai a ji bambancin sad da sin, da na ƙaf da kaf, abin da alaramma ya ke nema ke nan. Wanda ya ke son kallo ya fara da biyun nan, in Allah Ya hore ya ƙara ta tsakiya, domin ita ta ke ɗauke da yawancin magana, wufa ta zo daga ƙarshe. Lasifika mai bakin kakaki irin ta hasumiya, wadda kamfanoni kamar Ahuja na Indiya da TOA na Japan su ke ƙerawa, aikinta jefa murya nesa a fili. A cikin ɗaki sai ta huda kunne.

Mas'ala ta biyu ita ce lambar da a ke rubutawa a kwali. Ma'aunin ƙarfi sunansa wat. Mai saye zai ga ɗan akwatin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya an rubuta masa wat 3,000 da manyan haruffa, a gefe kuma PMPO. Wannan lamba ba ta da mudu tsayayye da kowa ya yarda da shi, kowane kamfani da yadda ya ke ƙirga tasa. Lambar da a ke dogara da ita ita ce mai RMS, watau ƙarfin da akwatin zai iya bayarwa a jere ba tare da ya gaji ba. In ba a rubuta ba, a juya bayan akwatin, kusa da inda wayar wuta ta shiga, a duba wat nawa ya ke ci. Tulu ba ya zubar da abin da ya fi wanda aka ɗura masa. Akwatin da ya ke cin wat 60 ba zai fitar da 3,000 ba, ba ma zai fitar da 60 cif ba, domin wani kashi ya kan tafi a zafi.

Bukatar kuwa ba ta kai yadda a ke zato ba. Ƙarar murya da desibel a ke auna ta. Matsakaiciyar lasifika in an ba ta wat 1 ta kan ba da kamar desibel 88 a tazarar mita 1. In an ba ta wat 10 ta kai 98. Duk sa'ad da tazara ta ninka a fili a kan rasa desibel 6, saboda haka wanda ya zauna a mita 4 zai sami 86, a cikin ɗaki ma ya ɗara haka, domin bango yana mayar da murya. Wannan ya fi ƙarfin hira nesa ba kusa ba. Ashe zaure mai mita 4 da 5 wat 20 zuwa 30 na gaskiya a kowane gefe sun ishe shi har da saura. Ninka wat sau biyu desibel 3 kaɗai ya ke ƙarawa, kunne kuwa ba ya jin murya ta ninka sai an ninka wat kamar sau 10. Daga nan za a gane lasifika mai 91 tana yin aikin mai 88 da rabin wuta, abin da ya ke da amfani ƙwarai ga mai dogara da batir.

Mas'ala ta uku ita ce dacewar akwati da lasifika, a nan kuwa kaya da yawa su ke hallaka. Kowace lasifika tana da lambar om a bayanta, 8, ko 6, ko 4, sunan wani malamin Jamus ne da ya bayyana ƙa'idar a 1827. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon wutar da lasifika za ta ja daga akwatin. A bayan amfilifaya an rubuta mafi ƙarancin om da zai iya ɗauka. A ɗauka wani falke yana da akwati mai ɗaukar 4, ya ɗaura masa lasifika 2 masu om 8 a kafa ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi. Lissafi ya zama 4, ba laifi. Ranar walima ya ga jama'a ta yi yawa, ya aro wasu 2 ya ƙara a kafar nan. Lissafi ya koma 2, akwati ya ɗauki zafi, in mai tsaron kansa ne ya kashe kansa, in ba haka ba ya ƙone. Kamar kwalekwale ne da aka yi wa lodin buhu 40 alhali na 20 ne. Haka kuma ƙaramin akwati da aka murɗe shi har ƙarshe ya kan ɓata murya ta yi kaushi, kaushin nan kuwa shi ya ke cinye 'yar ƙaramar lasifika mai fitar da siririyar murya. Da an ji murya ta soma tsagewa, a rage.

Mas'ala ta huɗu wuta. Lantarkin Nijeriya volt 230 ne, kamar na Ingila da sauran ƙasashen Turai. Na Amurka 120 ne, na Japan 100. Kayan gwanjo na Yamaha, ko Sony, ko Pioneer, ko Denon, sau da yawa sun fi sabon da ba a san asalinsa ba ƙarko da daɗin murya, araha kuma ba ta ado. Amma wanda aka ƙera domin Amurka, in aka cusa shi a soket ɗin nan ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, nan take zai yi hayaƙi. A karanta bayansa tun a kanti. Sa'an nan a ware kuɗin sitabilaiza tun farko, a zare waya in hadari ya taso, kada kuma a kunna akwati sai janareta ya daidaita. Wanda ba shi da lantarki ya nemi amfilifaya mai karɓar batir na volt 12 kai tsaye, ya huta da asarar da inbata ta ke yi. Batir mai lamba 100 yana riƙe da abin da zai ba da wat 1,200 na awa ɗaya, amma irin mai ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa, watau 600. Kayan da su ke cin wat 60 za su yi kusan awa 10, masu cin 200 kuwa awa 3. A rabon kuɗi, shawara ita ce kamar rabi ga lasifika, sulusi ga akwati, saura ga sitabilaiza da wayar jan ƙarfe mai kauri.

Ciniki kansa malamai sun riga sun shimfiɗa masa hanya. A babin ciniki na Risala da na Muhtasar an hana algus da ɓoye aibi, an ba mai saye ikon mayar da kaya in ya sami aibin da aka ɓoye masa, an kuma halatta ciniki bisa sharaɗin zaɓi har wani ajali da ya dace da kayan, gida kamar wata guda, tufa kamar kwana 3. Wanda zai ɗauko kaya daga Sabon Gari ta Kano ko Alaba ta Ikko zuwa Ngaski ya fi kowa bukatar wannan, domin komawa da tsada. Ya sa a rubuta ajalin a rasit. Ya tafi da karatun da kunnensa ya sani a cikin wayarsa, kada ya yarda da kiɗan da mai kanti zai sa, gama kiɗa yana rufe aibi. Ya saurara a hankali, sa'an nan da ƙarfi, ya gwada kowace kafa ita kaɗai, ya murɗa kowane maɓalli ya ji ko yana ƙoƙo, ya bar akwatin a kunne rabin awa ya taɓa ya ji zafinsa. A wannan ciniki ji shi ya kori gani. Mai kanti kuma ya sani sayar da wat 60 da sunan 3,000 ga wanda bai sani ba, alhali shi ya sani, ɗan'uwan tauye mudu ne.

In kaya sun iso gida, ɗaki ma yana da nasa rabo. Zauren ƙasa mai tabarmi ya kan shanye amsa kuwwa, murya ta fito sarai. Ɗakin siminti, irin wanda ya yawaita tun gidajen da aka gina wa waɗanda ruwa ya tasa, balle mai tayil da rufin kwano, ya kan mayar da murya ta hau kan 'yar'uwarta har kalmomi su cakuɗe. Maganinsa darduma, da labule, da kantar littattafai, ba ƙarin wat ba. A ɗora lasifika daidai kunnen mai zama, tazarar da ke tsakaninsu kamar tazarar kowace zuwa mai saurare. A kula ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, domin in an juya ɗaya sai ta riƙa turawa ɗayar tana ja, murya ta rame. Akwatin kuwa kada a sa shi a ƙasa, kada a toshe kafofin iskarsa da ƙyalle yana aiki, musamman da bazara. In an kashe a rufe shi saboda ƙurar hunturu, a nisanta shi da laimar bakin ruwa da damina.

Abu na ƙarshe haƙƙi ne. Likitoci sun ce wanda ya ke wuni cikin ƙarar desibel 85 har awa 8 kullum jinsa yana cikin haɗari, kowane ƙarin desibel 3 kuwa ya kan raba lokacin biyu, jin da ƙara ta kashe kuma ba ya dawowa. Almajirin da aka zaunar a bakin lasifika amana ne. A bayan katanga kuma akwai majinyaci, da mai jego, da masuncin da ya kwana a ruwa yana neman barcin hantsi, da mai nafila cikin dare. Kasancewar abin da a ke sa wa karatu ne ba ya sauke haƙƙin maƙwabci, ya ma ƙara nauyi, domin karatun da aka tilasta wa wanda ba shi da halin saurare an jawo masa rashin ladabi. Wanda ya auna zaurensa, ya auna wutarsa, ya sayi daidai bukatarsa, ya tsare dukiyarsa ya kuma zauna lafiya da unguwa.

Allah Ya sa albarka a kasuwa, Ya tsare Musulmi daga asara. Haza wassalam.